Ladi Kwali, Gwanar Ginin Tukwane

Ɗalibai, in kun juya takardar naira 20, za ku ga hoton wata mata tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, wato Gbagyi. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma tun tana ƙarama ta koya a hannun wata daga cikin iyayenta mata.

Ku lura da kayan aikinta, domin duk daga ƙasa da daji suke fitowa. Takan kwaɓa yumɓu da ruwa, ta murza shi kamar igiya, ta riƙa ɗora wani kan wani tana zagayawa har tulu ya tashi. In ya bushe, sai a gasa shi a fili da itace da busasshiyar ciyawa. Kafin gashi kuwa, takan zana masa halittun da take gani a kewayenta: ƙadangare da kunama da hawainiya da maciji da kada da kifi da tsuntsu. Ta haka tulun da iyali ke shan ruwa a cikinsa ya zama abin tuni cewa ba ɗan Adam kaɗai ke rayuwa da ruwa da ƙasa ba.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa. A nan ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da ya kafa a Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja. Ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ta koyi aiki da na'ura mai juyawa da zuba wa tukunya ƙyalli, amma ba ta bar zanen dabbobinta ba. Ta nuna gwanintarta a Ingila da Jamus da Amurka, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984.

Yanzu ku dubi garinku. Waɗanne halittu ne har yau kuke gani, waɗanne kuma suka yi wuyar gani? Da za a ba ku ɗanyen tulu, wacce za ku zana?