Harold Gillies

Sir Harold Delf Gillies (17 ga Yuni 1882 – 10 ga Satumba 1960) likitan tiyata ne ɗan ƙasar New Zealand wanda ya yi kusan dukan aikinsa a Ingila. An fi saninsa da gyaran fuska da muƙamuƙin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma da yawa suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa tiyatar gyaran jiki ta zamani. Da Turanci ana kiran wannan fanni plastic surgery, sunan da ke ruɗa mutane har su zaci roba ake liƙa wa majiyyaci. Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta siffanta abu kamar yadda magini ke yi da yumɓu. Da fatar mutum da ƙashinsa da guringuntsinsa Gillies ya yi aiki.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Dunedin. Mahaifinsa, Robert Gillies, ɗan majalisa ne, ya kuma rasu a 1886 tun Harold yana ƙaramin yaro. Ya yi sakandare a Wanganui, sannan ya tafi Jami'ar Cambridge ya karanta likitanci, ya kammala horo a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Gwanin wasanni ne: yana cikin 'yan tseren kwale-kwale na Cambridge a 1904, kuma ya yi suna a wasan golf. Ya ƙware a fannin kunne da hanci da maƙogwaro. A 1911 ya auri Kathleen Margaret Jackson, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Yaƙin ramuka ya zo da raunin da likitoci ba su saba gani da yawa haka ba. Soja yana cikin rami, jikinsa a ɓoye, amma da ya ɗago kai sai harsashi ko ɓarɓashin bam ya same shi a fuska. Hular kwano tana kare ƙwaƙwalwa, saboda haka mutum yakan rayu, amma ba haɓa, ko ba hanci, ko muƙamuƙi a farfashe. Abin da aka saba yi shi ne a jawo bakin raunin a ɗinke. Idan ya warke sai tabon ya tsuke, ya karkatar da abin da ya rage na fuskar, wani ma baki ba ya buɗuwa balle ya ci tuwo ko ya yi magana.

A 1915 Gillies ya je Faransa aikin jinyar sojoji. A can ya haɗu da Charles Valadier, wani likitan haƙori da ya buɗe sashen kula da raunukan muƙamuƙi kusa da Boulogne, yana gwada dashen ƙashi. Daga nan ya je Paris ya kalli Hippolyte Morestin yana cire ciwon daji daga fuskar wani majiyyaci, ya kuma rufe gurbin da fatar mutumin. Da ya koma Ingila sai ya shawo kan Sir William Arbuthnot Lane, babban likitan tiyata na soja, aka ware masa sashe a asibitin soja na Cambridge da ke Aldershot a farkon 1916. Da kuɗin aljihunsa ya sayi 'yan takardun da za a rataya wa masu raunin fuska a fagen daga, ɗauke da adireshin sashensa, don kada a watsa su asibitoci daban-daban. Bayan fara gwabzawar Somme a watan Yuli 1916, majiyyata kusan 2,000 suka iso masa, wurin ya yi kaɗan.

Asibitin Sidcup

A 1917 aka buɗe Asibitin Sarauniya a Sidcup, kudu maso gabashin Landan, domin wannan aiki kaɗai. An yi tiyata fiye da 11,000 a kan mutum sama da 5,000 a cikinsa. Likitoci daga Kanada da Ostareliya da New Zealand da Amurka sun yi aiki a wurin.

Tsarin Gillies shi ne a fara daga ciki. Sai an daidaita ƙashi, an mayar da haƙoran sama da na ƙasa suna haɗuwa yadda suke a da, an kuma shimfiɗa sabuwar fata a cikin baki ko hanci, kafin a rufe waje. Fatar da aka ɗora a kan rami ba tare da madogara ba, lotsawa take yi. Wannan ne ya sa aikinsa bai yiwuwa sai da likitocin haƙori, musamman William Kelsey Fry, wanda ke ƙera ƙarafan ɗaure muƙamuƙi. Ana yawan manta wannan ɓangare idan ana ba da labarin Gillies, alhali a kansa sauran aikin ya tsaya. Haka kuma maganin sa barci ya zama matsala, domin abin da ake kifa wa majiyyaci a fuska yana tare wurin da za a yanka, ga jini na gangarawa maƙogwaro. Ivan Magill da Stanley Rowbotham ne suka inganta hanyar zura bututu cikin maƙoshi a Sidcup, hanyar da ake amfani da ita a ɗakunan tiyata har yau. Henry Tonks, likitan da ya koma zane, shi ke zana fuskokin kafin aiki da bayansa.

Dabarar da ta fi fito da sunansa ta zo a 1917, lokacin da yake yi wa wani sojan ruwa, Willie Vicarage, aiki bayan ƙunar da ya samu a gwabzawar Jutland. A zamanin babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin, don haka fatar da aka ɗebo daga ƙirji zuwa fuska takan ruɓe a hanya. Gillies ya lura cewa gefunan fatar suna naɗewa da kansu, sai ya ɗinke su ta zama kamar bututu. Ɗanyen ɓangaren ya koma ciki, ƙazanta ba ta samunsa, jini kuma na ci gaba da gudana ta gindin da ba a yanke ba. Bayan 'yan makonni, idan ɗaya bakin ya kama a sabon wuri, sai a yanke tsohon gindin a matsar da shi gaba. Ta haka fata kan yi tafiya zango-zango har ta kai fuska. Wani likitan ido a Odessa, Vladimir Filatov, ya gano irin wannan hanya shi kaɗai a kusan lokaci guda.

Ba kowane aiki ne ya yi nasara ba. Henry Lumley, matuƙin jirgin sama da fuskarsa ta ƙone, ya rasu a watan Maris 1918 bayan an yi ƙoƙarin maye masa kusan dukan fatar fuska a aiki ɗaya, jikinsa kuwa bai yi ƙarfi ba. Daga nan Gillies ya riƙe ƙa'idar rarraba babban aiki zuwa ƙanana, ko da zai ɗauki shekaru. Wasu sojoji an shiga da su tiyata sau goma sha wani abu. An hana madubi a wasu ɗakunan jinya, kuma a garin an shafa wa wasu bencina shuɗin fenti domin masu wucewa su san wanda za su gani zaune a kai.

Bayan yaƙi

A 1920 ya wallafa littafinsa Plastic Surgery of the Face. A 1927, tare da Kilner da Stone, ya bayyana hanyar ɗaga karyayyen ƙashin kunci ta ɗan yanka a cikin gashin gefen kai, yadda tabo ba zai fito a fuska ba. Har yanzu ana kiranta da sunansa. An ba shi lambar Sir a 1930. Shi ya jawo ɗan'uwansa Archibald McIndoe cikin fannin, wanda daga baya ya shahara da jinyar matuƙan jirgin da suka ƙone.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya jagoranci sashen Rooksdown House kusa da Basingstoke. Ya zama shugaban farko na ƙungiyar likitocin tiyatar gyaran jiki ta Birtaniya a 1946, sannan a 1957 ya fitar da The Principles and Art of Plastic Surgery tare da ɗalibinsa Ba'amurke, Ralph Millard.

Rasuwa

Matarsa ta farko ta rasu a 1957, ya auri Marjorie Clayton, wadda ta daɗe tana taimaka masa a ɗakin tiyata. Bai daina aiki ba har tsufa. A watan Agusta 1960 ya samu shanyewar jiki yana tsakiyar yi wa wata yarinya aiki a ƙafa, ya rasu a Landan ranar 10 ga Satumba 1960 yana da shekara 78.