Malam Aminu Kano: Jagoran da bai tambayi ƙabilar talaka ba

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai Fulani na zuriyar Genawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Da ya so, da ya zauna cikin masu faɗa a ji, amma sai ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950 ya shiga NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953.

A wurinsa zalunci ne abokin gaba, ba wata ƙabila ba. Shi ya sa NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Nnamdi Azikiwe, a lokacin da ake kallon duk mai hulɗa da 'yan Kudu a matsayin wanda ya ci amanar Arewa. Wannan matsayi ya jawo wa mabiyansa wahala. An yi musu sharri a kan addininsu, kotunan En'e suka ɗaure wasu, aka yi wa wasu bulala. Duk da haka bai warware ƙawancen ba, kuma a 1959 ya ci zaɓen Majalisar Wakilai daga Kano ta Gabas.

Yaƙin basasa, wanda ya ƙare a 1970, ya bar ƙiyayya a zukata da yawa. Amma da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP a 1979, sai ya ɗauki Samuel Ikoku, ɗan ƙabilar Ibo, a matsayin mataimaki. Hakan bai hana talakawa binsa ba, domin PRP ta lashe kujerar gwamna a Kaduna da tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar Gaya da Ajingi ke cikinta. Daga baya marubuci Chinua Achebe ma ya shigo jam'iyyar. Gabanin zaɓen 1983 kuwa, mace Bayarabiya, Bola Ogunbo, ya zaɓa ta mara masa baya.

Bai kai ga zaɓen ba, domin Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Mambayya da ke Gwammaja yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

A yau da laifin mutum ɗaya ke sa a yi wa ƙabila guda kuɗin goro a Facebook da majalisun hira, masu ɗaga hotonsa lokacin zaɓe na da abin dubawa a tarihinsa.