Arie Haagen-Smit, Mutumin Da Ya Gano Asirin Hazon Los Angeles

Shi dai wannan masani da za mu ba da tarihinsa, an haife shi ne a birnin Utrecht na ƙasar Holan ran 22 ga Disamba, 1900. Ubansa masanin sinadarai ne a gidan buga kuɗi na ƙasar, shi kuma ya bi sawun uban. Ya yi karatu a jami'ar garinsu har ya sami digirin dakta a 1929. A 1936 ya ƙetare zuwa Amurka, ya koyar a Harvard, bayan shekara guda kuma ya koma makarantar kimiyya ta Caltech da ke Pasadena, kusa da Los Angeles, a jihar Kalifoniya. Aikinsa a can shi ne binciken tsire-tsire da abin da ke ba su ƙanshi. Ya daɗe yana fama da abarba, yana neman asalin ƙanshinta.

Ana nan, ran 26 ga Yuli, 1943, sai wani irin hazo ya rufe Los Angeles. Ba irin hazonmu na hunturu ba ne, wanda ƙura ce kawai. Wannan yana sa idanu su yi raɗaɗi su zubo da hawaye, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi. Da yake lokacin yaƙi ne, wasu har suka zaci Japan ce ta sako musu guba. Aka ɗora wa wata masana'anta laifi, aka rufe ta, amma hazo bai fasa dawowa ba. Manoma suka ga ganyen alayyafonsu yana ƙonewa, tayoyin mota kuma suna tsattsagewa tun ba su tsufa ba.

A 1948 Haagen-Smit ya sa hannu. Ya ɗauki dabarar da yake kama ƙanshin abarba da ita, wato ya zuƙo iska mai yawa ta cikin kwalabe masu tsananin sanyi har tururin da ke cikinta ya daskare, sannan ya bincika abin da ya taru. Daga nan ya gane cewa babban mai laifin shi ne ozon, wata iska 'yar'uwar oksijin da muke shaƙa, sai dai ita ƙwayoyin zarra uku gare ta, oksijin kuwa biyu. Can sama ƙololuwa ozon garkuwa ce, tana tare mana mugun hasken rana, amma a ƙasa guba ce.

Abin mamaki kuwa, babu bututun da ke fitar da ozon. Tururin fetur ne ke haɗuwa da wata iska mai naitirojin da ke fita daga salansar mota da masana'antu, sai hasken rana ya dafa su su haifi ozon. Ga shi duwatsu sun kewaye birnin, iska mai ɗumi kuma ta kan zauna bisansa kamar murfin tukunya. Ya haɗa irin wannan hazo da kansa a ɗakin gwaji, ya busa wa tsire-tsire, ganyensu ya lalace daidai da na gonaki. Ya kuma riƙa lanƙwasa 'yan zirin roba yana ƙirga mintocin da za su yi kafin su tsage, da haka yake auna yawan ozon. Ya buga cikakken bayaninsa a 1952.

To, gaskiya ɗaci gare ta. Kamfanonin mai da na motoci ba su ji daɗi ba, suka sa wasu masana su ƙaryata shi. Shi kuwa bai tsaya cacar baki ba, ya koma ɗakin gwaji ya ƙara hujja bisa hujja, har masu musun suka sallama kafin shekarun 1950 su ƙare. A 1968 aka naɗa shi shugaba na farko na hukumar kula da iska ta Kalifoniya, ya riƙe ta har 1973, shekarar da aka ba shi lambar yabon kimiyya ta ƙasar Amurka. Daga 1975 aka fara sa wa sababbin motoci wata tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa. Ya rasu a Pasadena ran 17 ga Maris, 1977, bayan ya yi fama da ciwon dajin huhu.

Amfanin aikinsa ya fi bayyana bayan ransa. A shekarun 1970 akan yi kwana fiye da 100 a shekara ana gargaɗin mutanen yankin su rage fita, ana hana yara wasa a filin makaranta. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 irin wannan gargaɗi ya kusa ɓacewa, alhali motoci sun ƙaru ƙwarai. Duk da haka Los Angeles tana cikin biranen Amurka da ozon ya fi damu har yanzu. A manyan biranen Sin da Indiya kuwa, ma'aunai sun nuna ya yi ta ƙaruwa a shekarun 2010. Yana ƙona hanyar numfashi, yana tayar wa masu asma ciwonsu, musamman yara da tsofaffi. Yana rage amfanin alkama da waken soya, ya raunana itatuwan dazuzzukan San Bernardino, yana kuma cikin iskokin da ke ƙara wa duniya zafi.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, wannan labari ya shafe mu. Duk inda rana mai ƙarfi ta haɗu da hayaƙin tsofaffin motoci da janareta da ƙunar daji, kayan haɗin ozon sun cika. Haagen-Smit ya nuna cewa idan aka gano asalin cuta aka kuma daure bisa gaskiya, ana iya rage ta. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.