Agustin na Hippo, Bishop da Ya Tsufa Cikin Tunanin Yaƙi

An haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a garin Tagaste, wanda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Wato mutumin Afirka ne, ko da yake a zamaninsa Afirka ta Arewa tana hannun Romawa, harshen karatu kuwa Latin. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce mai naciya da addu'a. Mahaifinsa bai karɓi baftisma ba sai gab da rasuwarsa.

Yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, amma ya ba uwarsa wahala. Ya yi karatu a Kartaj, ya shiga addinin Mani har shekara 9, ya haye zuwa Italiya yana koyar da fasahar magana, har ya kai birnin Milan a 384. A can wa'azin Bishop Amburos ya kama zuciyarsa, aka yi masa baftisma a lokacin Ista na 387. Ya komo gida da niyyar zaman karatu da addu'a, amma a 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka tsare shi a majami'a suka matsa sai an naɗa shi firist. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop, ya riƙe ikilisiyar garin har ƙarshen ransa.

Ɗalibai za su riƙa jin ana cewa Agustin ne uban koyarwar yaƙin adalci. Ku lura fa, bai taɓa rubuta littafi musamman a kan yaƙi ba. Tambayoyi ne suka riƙa zuwa masa, daga abokan gardama, da ma'aikatan gwamnati, da sojoji masu damuwa, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya.

Wajen shekara ta 400 ya mayar da martani ga Faustus, wani malamin addinin Mani wanda yake kushe Tsohon Alkawari saboda yaƙe-yaƙen Musa. Agustin ya ce ainihin muguntar yaƙi tana cikin zuciyar mai yin sa: son zub da jini, ramuwar gayya, ƙiyayya marar sanyi, da kwaɗayin mulki. Ya ma nuna cewa mutuwar mayaƙa ba ita ce babbar matsala ba, tun da kowa mai mutuwa ne. Wannan magana tana da wuyar haɗiyewa, kuma ban ga gwauruwar da za ta yarda da ita ba. Amma abin da ya faɗa game da zuciya gaskiya ne, yana kuma kama wanda yake da gaskiya kamar yadda yake kama marar gaskiya.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne ra'ayinsa game da kare kai. Bai yarda mutum ya kashe wani don ya tsirar da nasa ran ba. Wanda ya ba dama shi ne soja ko ma'aikacin hukuma, wanda doka ta ɗora wa nauyin tsare waɗansu. A wurinsa, idan akwai hujjar ɗaukar makami, to, ƙaunar maƙwabci ce, wato a tsaya tsakanin mugu da marar ƙarfi. Don haka ya ce hukuma ce kaɗai take da ikon ƙaddamar da yaƙi, ba kowane mai fushi ba. Dole a sami zaluncin da ake so a gyara. Manufar kuwa ta zama salama. Sai a ƙarni na 13 ne Toma Akwinas ya jera waɗannan a matsayin sharuɗɗa 3.

A watan Agusta na 410 mayaƙan ƙabilar Got, ƙarƙashin Alarik, suka shiga Roma suka washe ta kwana 3. Masu bin allolin gargajiya suka ɗora laifin a kan Kiristoci, suna cewa addinin da ke koyar da juya ɗaya kuncin ba zai iya riƙe ƙasa ba. Wani babban ma'aikaci mai suna Marsalinus ya kawo wa Agustin wannan ƙorafi. Amsarsa ita ce, umarnin Yesu ya shafi halin zuciya da farko, kuma ya tuna masa cewa da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma bai ce su ajiye aikinsu ba, ƙwace da ƙazafi ya hana su. Daga wannan gardama ce babban littafinsa, Birnin Allah, ya fito. Ya fara shi a 413, ya ɗauki wajen shekara 13 yana rubutawa, kashi 22.

Duk wanda ya zaci littafin yabon sojojin Roma ne, zai sha mamaki. A ciki Agustin ya kwatanta mulkin da ba adalci da ƙungiyar 'yan fashi. Ya kawo labarin wani ɗan fashin teku da aka gurfanar gaban Sarki Iskandari, wanda ya nuna wa sarkin cewa aikinsu ɗaya ne, sai dai shi jirginsa ɗaya ne, sarki kuwa nasa da yawa. Ya kuma ce mai hikima, ko da ya zama dole ya yi yaƙin adalci, da baƙin ciki zai yi shi, wanda kuwa ya iya tuna yaƙi bai ji zafi ba ya riga ya rasa tausayin ɗan Adam.

Akwai tabo a tarihinsa da bai kamata a rufe ba. Ikilisiyar Afirka ta rabu biyu, tsakanin ɓangarensa da 'yan Donatus. Da farko Agustin ya ƙi a tilasta wa kowa, daga baya ya goyi bayan gwamnati ta matsa musu da tara da ƙwace majami'u. Gaskiya ne ya roƙi Marsalinus kada a yanke hukuncin kisa ko ga waɗanda suka kashe wani firist nasa. Duk da haka, waɗanda suka tsananta wa masu saɓanin ra'ayi a Turai a ƙarnonin baya sun fake da hujjojinsa.

Inda koyarwarsa ta sha gwaji sosai shi ne a kan wani kwamandan Romawa a Afirka mai suna Bonifas. Wajen 418 Agustin ya rubuta masa cewa soja ma yana iya faranta wa Allah rai, muddin larura ce ta sa shi yaƙi ba sha'awa ba, yana cika alkawari ko ga abokin gaba, yana kuma jin ƙan wanda aka ci da wanda aka kama. Da matar Bonifas ta rasu, sai ya so ya bar aikin soja ya shiga zaman zuhudu. Tsohon bishop ya yi doguwar tafiya zuwa garin Tubunai, shi da abokinsa Alifiyus, suka shawo kansa ya zauna a bakin aikinsa, domin in ya tafi babu mai tsare talakawa daga mahara. Ku duba wannan al'amari: bishop ne yake hana mutum shiga gidan addu'a don ya ci gaba da riƙe takobi.

Bonifas bai zama yadda aka sa rai ba. Ya sake aure, ya shiga rikicin neman iko da fadar sarki, har a 427 aka ɗauke shi ɗan tawaye. Yayin da sojojin Roma suke faɗa da juna, mahara suna cin ƙauyuka. Agustin ya aika masa da wasiƙa mai zafi, yana tuna masa dalilin da ya sa aka roƙe shi ya zauna. Da sarki ya turo wani jakada mai suna Dariyus don sulhu, Agustin ya rubuta masa cewa wanda ya kashe wutar yaƙi da magana ya fi wanda ya kashe mutane da takobi daraja.

Sulhun ya zo a makare. A 429 ƙabilar Bandal, ƙarƙashin sarkinsu Gaisarik, ta ƙetaro daga Sifen, an ce su wajen 80,000 har da mata da yara. Suka nufo gabas suna ƙone garuruwa. Wani bishop ya tambayi Agustin ko ya halatta shugabannin ikilisiya su gudu. Ya amsa cewa muddin akwai sauran jama'a a gari, makiyayi ba shi da izinin barinsu. Shi kansa bai motsa ba. A 430 aka ci Bonifas a fagen daga, ya shige Hippo da sauran sojojinsa, Bandal suka yi wa garin ƙawanya. Garin ya cika da 'yan gudun hijira, cikinsu har da Bishop Posidiyus, wanda ya rubuta tarihin Agustin.

A wata na 3 na ƙawanyar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa Zaburar tuba aka liƙa a bango inda zai iya gani daga gado, ya roƙa a bar shi shi kaɗai, sai masu magani da masu kawo abinci. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyyar dukiya ba don ba shi da ita, sai dai ya yi ta gargaɗi a kula da littattafan ikilisiya, kuma sun tsira.

Ƙawanyar ta kai wata 14. Daga baya Hippo ta faɗa hannun Bandal, Kartaj ma ta bi a 439. Bonifas kuwa ya koma Italiya, inda ya mutu a 432 daga raunin da ya samu a yaƙi da wani janar ɗan'uwansa Baroma.