George Cadbury: Attajirin cakulan da ya gina wa ma'aikatansa gari

Daga bakin kasuwar Jimeta har cikin tsohon garin Yola, da wuya a ga teburin mai shayi babu gwangwanin Bournvita, ko kantin unguwa babu alewar TomTom. Kamfanin Cadbury Nigeria, wanda aka yi wa rajista a 1965 yake kuma da masana'anta a Ikeja, shi ke yin su. Sunan kuwa na wani gida ne a birnin Birmingham na Ingila, kuma wanda ya ɗaukaka gidan shi ne George Cadbury.

An haife shi ranar 19 ga Satumba 1839. Mahaifinsa, John Cadbury, ya buɗe kanti a Bull Street a 1824, yana sayar da ganyen shayi da kofi da garin koko. (Koko a nan ba kokon gero ba ne, 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su ne, waɗanda har Adamawa da Taraba ake lissafawa cikin jihohin da ke noma su.) Gidan na mabiya ɗariƙar Kiristoci ta Quaker ne, masu ƙin yaƙi da cinikin bayi, kuma John ya ƙi jinin giya ƙwarai. Yana ganin koko a matsayin abin shan da zai janye talaka daga mashaya.

Bayan rasuwar matarsa a 1855, jikin John ya yi sanyi, ciniki ya ja baya. A 1861 ya miƙa wa 'ya'yansa biyu, Richard da George, kamfani yana gab da durƙushewa. Shekara biyar suka yi suna faɗi-tashi. Mafita ta zo a 1866, lokacin da George ya tafi Holan ya sayo injin matse koko irin na gidan Van Houten. Kafin nan, masu sana'ar kan zuba garin dankali ko wani sitaci a cikin koko don ya shanye yawan mansa. Injin yana matse man ya fitar da shi, sai ga gari tsantsa babu gauraye, man kuma ya shiga yin cakulan na ci. Da wannan gari, mai suna Cocoa Essence, arzikin gidan ya tashi.

George bai san talauci daga nesa ba. Kusan shekara 50 ya yi yana sammako ranar Lahadi yana koyar da magidanta karatu da rubutu a makarantar manya, yana kuma bin ɗalibansa har gidajensu a lungunan Birmingham masu hayaƙi da ƙazanta. Abin da ya gani ya tabbatar masa cewa wa'azi ba ya kama mutumin da ke kwana da iyalinsa a ɗakin da rana ba ta shiga. A 1879 shi da Richard suka kwashe masana'antar zuwa bayan gari, kimanin mil huɗu kudu da birnin, kusa da layin dogo da hanyar ruwa, suka raɗa wa wurin suna Bournville.

A 1893 George ya sayi fili eka 120 da kuɗin aljihunsa, aka shiga gina gidaje, kowane da lambunsa da itatuwan marmari. Aka yi filayen wasa da makarantu, aka hana buɗe mashaya ko ɗaya. Ma'aikata suna tashi da tsakar rana ranar Asabar, suna da likita, daga 1906 kuma maza suka samu asusun fansho.

Babban aikinsa ya zo a 1900. Ya cire ƙauyen kacokan, eka 330 da gidaje 313, daga hannunsa da na kamfani, ya danƙa wa wata hukumar amintattu, Bournville Village Trust, abin da a nan za a kira waƙafi. Kuɗin haya ba ya shiga aljihun magada, gyaran gidaje da gina sababbi ake yi da shi. Kuma ba sai ma'aikacin Cadbury ke samun gida ba, saboda haka wanda ya bar aikin kamfanin ba lallai ya rasa matsuguni ba. Wannan ya bambanta shi da attajiran da kyautarsu igiya ce a wuyan mai karɓa. Duk da haka akwai hukuncin uba a cikin alherin nasa: budurwar da ta yi aure dole ta ajiye aiki, a sallame ta da kyautar Littafi Mai Tsarki da fure.

A 1901 ya sayi jaridar Daily News, ya yi amfani da ita wajen adawa da yaƙin da Ingila ke yi a Afirka ta Kudu da neman gwamnati ta ba tsofaffi fansho. A shekarar ce kuma labari ya iso kamfanin cewa a tsibiran Sao Tome da Principe, inda yake sayen wajen rabin kokonsa, mutanen da ke aikin gonakin bayi ne a zahiri. Daga cikin ƙasar Angola ake kamo su, Turawan Fotugal su rubuta musu takardar kwantiragi, kuma kusan babu mai komawa gida.

Gidan Cadbury bai rufe ido ba, amma bai yi sauri ba. William, ɗan Richard, ya yi ta zirga-zirga zuwa Lisbon, aka tura Joseph Burtt bincike a 1905, aka nemi gwamnatin Birtaniya ta matsa wa Fotugal. Hujjarsu ita ce mai saye ya fi wanda ya janye ƙarfin faɗa a ji. Sai dai a duk tsawon lokacin nan ana ta sauke buhunan a Bournville. A Satumba 1908 jaridar Standard ta zarge su da munafunci. A Maris 1909 suka daina saye, bayan sun fara samun wata kafa a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, sun kuma riga sun kai jaridar ƙara kan ɓata suna. George da kansa ya ba da shaida. A Disamba masu taya alƙali yanke hukunci suka ba kamfanin gaskiya, amma diyyar da suka yanke ita ce rubu'in kobo, mafi ƙanƙantar kuɗin Ingila a lokacin. Kowa ya gane abin da suke nufi: shekara takwas ta yi yawa ga gidan da ya gaji ƙin bauta.

George ya rasu ranar 24 ga Oktoba 1922 a gidansa na Northfield, yana da shekara 83. Kamfanin ya fita daga hannun zuriyarsa sannu a hankali, har Kraft na Amurka ya saye shi a 2010, yanzu kuma yana ƙarƙashin Mondelez. Cinikin bai haɗa da ƙauyen ba, domin takardar 1900 ta riga ta raba su. Hukumar amintattun tana nan tana kula da dubban gidaje a Bournville da kewayenta.