Henry Smeathman: Baturen da Ya Raɗa wa Zago Suna

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkara ya san gara da zago, ya san suri, ya kuma ci soyayyen shinge a farkon damina. Ni ma haka na tashi. Sai da na shigo jami'a wani abokina mai nazarin ƙwari ya nuna mini sunan da masana ke kiran garar da ke gina babban suri, wato Macrotermes bellicosus, a gabansa kuma an rubuta Smeathman da shekarar 1781. Wannan ne ya sa na bi diddigin mutumin, kuma ga abin da na samo a taƙaice.

Haihuwarsa da Zuwansa Afirka

An haifi Henry Smeathman a garin Scarborough na ƙasar Ingila a shekarar 1742. A shekarar 1771 wasu masu hali da ke sha'awar tara ƙwari da tsirrai, ciki har da Joseph Banks da John Fothergill da Dru Drury, suka haɗa kuɗi suka tura shi gaɓar Saliyo. Ya sauka a tsibiran Banana, ya yi kimanin shekara huɗu yana tara ƙwari yana aikawa gida. A nan ne gara ta ɗauke masa hankali, har ya riƙa sa a fasa suri don ya ga abin da ke ciki.

Aikinsa a kan Gara

A shekarar 1781 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta buga bayaninsa. A ciki ya raba al'ummar suri kashi uku: ma'aikata, da sojoji, da masu fiffike waɗanda daga cikinsu ake samun sarki da sarauniya. Ya ƙiyasta cewa sarauniya kan saki ƙwai 60 a minti ɗaya, wato fiye da 80,000 a kwana guda. Ya kuma ci shingen, ya yaba daɗinsa.

Tsarin suna da Linnaeus ya kafa kalma biyu ne, ta farko sunan gida, ta biyu sunan yanka. Linnaeus ya riga ya sa wa gidan gara suna Termes tun 1758, don haka Smeathman ya kira wannan nau'i Termes bellicosus. Kalma ta biyu a Latin tana nufin mai son yaƙi. Wanda zago ya taɓa datsa wa yatsa ba zai yi musun wannan suna ba.

Sunan bai tsaya nan ba. Da nau'o'in gara suka yi wa gida ɗaya yawa, a farkon ƙarni na 20 wani masani ɗan Suwidin mai suna Nils Holmgren ya fito da sunan Macrotermes, ma'ana babbar gara, aka mayar da ita can. Shi ya sa a yau ake sanya sunan Smeathman cikin baka biyu, alamar cewa an sauya wa ƙwaron gida bayan shi. A shekarar 2007 kuma binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa gara 'yar dangin kyankyaso ce, ba ta tururuwa ba kamar yadda aka daɗe ana zato.

Tabon da ke Rayuwarsa

A nan ne na yi sanyin jiki. Smeathman ya je Afirka yana ƙyamar cinikin bayi, amma da kuɗi suka yanke masa sai ya shiga yi wa fataken bayi aiki, ya ma yi aure a gidansu. A 1775 jirgin bayi ya hau zuwa tsibiran Karebiyan, bai koma Ingila ba sai 1779. Mutumin da ya zauna yana mamakin tsarin zaman ƙwari, da idonsa ya ga ana ruguza zaman mutane, kuma da hannunsa a ciki.

A 1786 ya gabatar da shirin kai baƙaƙen fata matalauta na Landan su zauna a Saliyo, ya zuzuta lafiyar ƙasar fiye da kima. Zazzaɓi ya kashe shi a watan Yuli na wannan shekara, kafin tafiyar. A 1787 mutum kusan 400 suka tashi, damina ta tare su, cuta ta kashe da yawa.

Kammalawa

Sunan Smeathman ya fi shekara 240 yana manne da na wannan ƙwaro, domin ya duba ya rubuta. Mutanen Saliyo da suka fasa masa surin ba a sa nasu ba. Mu ɗaliban Hausa muna da gara, zago, shinge, suri da jiɓa a bakin tsofaffinmu. Ya kamata mu rubuta su, da bambancin da ke tsakaninsu, tun masu sanin suna raye.