Mary Slessor: Baiwar Allah Mai Wadar Zuci

Kafin ka ci gaba, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta Filibiyawa 4:11-13. A nan Manzo Bulus ya nuna mana cewa wadar zuci abu ne da ake koyo, ba a haihuwar mutum da ita. Ga labarin wata da ta koye ta.

An haifi Mary Slessor a ƙasar Sikotilan a shekarar 1848. Mahaifinta baduku ne, amma giya ta cinye shi. Mahaifiyarta kuwa mai tsoron Allah ce. Da iyalin suka koma birnin Dundee, Mary ta shiga aikin masaƙa tana shekara 11, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Kafin ta kai shekara 15 tana yin awa 12 a gaban injin saƙa kowace rana. Ran Lahadi kuma ta tara yaran unguwar talakawa tana koya musu Maganar Allah. Ka ga talauci ba baƙonta ba ne.

A 1876 ta shiga jirgin ruwa zuwa Kalaba a ƙarƙashin mishan na Firesbiteriya, tana shekara 27. Da farko ta zauna a Duke Town tare da sauran 'yan mishan, inda ake cin abincin da jirgi ke kawowa daga Turai. Bayan zazzaɓin cizon sauro ya mai da ita gida, ta dawo aka tura ta Old Town. Nan ta bar abincin gwangwani, ta koma cin doya da ayaba da kifi irin na maƙwabtanta, domin yawancin albashinta tana aika wa mahaifiyarta da ƙanwarta. Dole ce ta fara sa ta, amma Allah ya mai da dolen ta zama ƙofa. Mutane suka ga tana cin abin da suke ci, tana jin Efik kamar 'yar gari, sai suka fara kawo mata damuwarsu.

Mahaifiyar da ƙanwar suka rasu a tsakanin 'yan watanni. A 1888 ta shiga ƙasar Okoyong, inda 'yan mishan maza ma ke shakkar zama. Ɗakin laka ne gidanta, ita da kanta take yaɓe. Ta aske gashinta, ta ajiye takalmi da hula, tana ratsa daji da ƙafa tsakar dare in ta ji an haifi tagwaye. Mu a nan tagwaye abin murna ne, amma a can a wancan zamani ana ganin ɗaya daga cikinsu na mugun ruhu ne, sai a jefar da su duka a daji, a kori uwar. Mary ta riƙa ɗauko su tana reno a ɗakin nan nata. Wani lokaci akwatin katako ne gadon jariri.

Ba na ce maka ka bi ta a komai ba. Ba ta damu da tace ruwa ko gidan sauro ba, jikinta kuwa ya sha wahalar haka. Amma ɗan'uwa, dubi jerin roƙe-roƙenmu a daren addu'a: mota, fili, ƙarin girma, biza. Allah yana bayarwa, ba na musu. Sai dai in an kira ka gobe zuwa ƙauyen da babu lantarki, babu sabis na waya, za ka ce muryar Allah ce, ko za ka tsawata mata? Akwai ekkilisiyoyinmu na karkara da suka shekara babu mai bishara saboda wannan tambaya.

Har aure ta bari. An yi mata baiko da wani malamin mishan, Charles Morrison, amma hukumar mishan ba ta yarda ya bi ta Okoyong ba, ita kuma ta ƙi barin wurin. A 1892 gwamnati ta ba ta ikon yin shari'a a yankin. Muƙamin bai canja ɗakinta ko tufafinta ba. Ta kan saurari ƙara da jariri a cinya.

Da tsufa ya zo, ciwon gaɓɓai ya hana ta tafiya, sai a tura ta a keken hannu zuwa wa'azi. Ta rasu ran 13 ga Janairu, 1915, a Use Ikot Oku, 'ya'yan da ta rena suna kewaye da ita. Aka ɗauko gawarta ta kogi zuwa Duke Town, aka binne ta a inda ta fara aiki shekara 38 da suka wuce.